Dankalin da Innarki ta Bari

Ɗiyata Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ina maigidanki da jikokina? Mu nan Gazawa sai godiya.

Ubanki ya yi aika-aika. Na ga ganye ya cika bayan ɗakin marigayiya innarki, na ɗauka haki ne, na bi shi da hauya kamar wani jarumi. Sai ga dankali duk na sassare. Ashe ragowar wanda ta dasa bara ne ya fito da kansa, wanda na yi mata dariya na ce ba zai yi ba.

Tushe ɗaya ya tsira, kullum ina ba shi ruwa. Amma haƙurin da ya kamata in ba ta, ban san inda zan kai shi ba.

Ki sa ta cikin addu'a, ki haɗa da ni. Ki gaida mutanen gida.

Babanki