Ba a Kwana da Wuta a Shagon Baba

Unguwar Zariya, Maraɗi

Zuwa ga Yayana Sha'ibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rabi da yara da duk mutanenmu na nan Abijan. Allah Ya buɗa kasuwa, Ya sa ciwon gwiwar nan da kake fama da shi ya zama kaffara. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana Tibiri, ta ƙi dawowa birni, wai ƙarar babura tana hana ta jin kiran salla. Ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa gidan suna da kanta. Matar ƙaninmu Zakari ta sauka lafiya a Jiratawa, an samu ɗiya mace mai hanci irin namu, Allah Ya raya. Zogale ma bana ya yi kyau, masu lambu sai hamdala.

Za ka ce me ya hana Balkisu ta kira ka a waya. Na kira ai, ba sau ɗaya ba. Da na fara magana sai ka ce to, to, a yi haƙuri, sai kuma in ji kana yi wa wani cinikin goro a gefe. Shi ya sa na zauna na rubuta, in ka ga dama ka karanta a tsaye, amma dai ka kai ƙarshe. Maganar ɗiyarka Mansura ce, wadda ka ba ni riƙo tun ba ta iya ɗaura zane ba. Tana shirin barin Maraɗi ta koma aiki Yamai, kuma abin da zai kore ta a cikin gidanmu yake. Raina a ɓace yake, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Ka san yadda shagon Sabon Gari yake tun bayan rasuwar Baba. Ƙaninka Yaya Maman Lawali ke gaba, ni ina biro wurin rubutu da lissafi, Zakari yana sayen zogale a Jiratawa, ga kuma ɗan reshenmu na Tibiri. Tsofaffin ordinatar, wato kwamfutoci, uku muke da su, ɗaya ta kayan mangaza inda muke ajiya, ɗaya ta faktir, wato rasiɗin ciniki, ɗaya ta masu lambu, kowace da halinta. In zafi ya yi sai ta faktir ta suma, in ta farfaɗo ta mangaza ta ɗauka. Takardu kuwa, na duwan, wato kwastan, da na masu kawo mana iri da taki, suna cikin kwalaye har saman silin, gara tana cin rabonta. In mutum ya zo neman takarda ɗaya, sai in ɗaure kai da ɗankwali in wuni ina atishawa, wani lokaci in samu, wani lokaci in ba shi haƙuri.

Da Mansura ta gama karatunta ta dawo, sai ta ce duk wannan wahalar banza ce. Ta sa muka sayi inji guda, baƙin akwati ne ba shi da fuska, sarbar suke ce masa. A cikinsa ta gina ordinatar ukun nan, ba na ƙarfe ba, na cikin ƙwaƙwalwarsa. Da na kasa ganewa sai ta ce in ɗauka gidan gado ne, katanga ɗaya, zaure ɗaya, amma kowa da sashensa da makullinsa, hayaƙin wani ba ya shiga ɗakin wani. In ɗaya ta lalace, akwai kwafinta na jiya, sai a tayar da shi a ci gaba da aiki. Kuɗin kuran, wato lantarki, ya ragu, zafi ya ragu a biro, kuma Zakari daga Jiratawa yana shiga sashensa ta wayarsa kamar yana zaune kusa da ni. Sannan ta zauna wata da watanni tana ɗaukar hoton takardun nan ɗaya bayan ɗaya tana zubawa ciki, har da waɗanda Baba ya sa wa hannu. Yanzu kalma kawai za ka rubuta, ka ce tumatir, ko sunan mutum, ko sunan gari, duk takardar da ta ambace shi sai ta fito gabanka.

Kada ka ɗauka kwalliya ce. Kwanakin baya wani manomi ya zo daga Jiratawa yana kumfar baki, wai irin kabejin da ya saya wurinmu bai tsiro ba. Da a da ne, sai mu yi ta rantse-rantse, shi ya ce namu ne, mu mu ce ba namu ba ne, a rabu baram-baram. Mansura ta rubuta sunansa, ga faktirinsa, ga buhun da aka ɗebar masa, ga wanda ya kawo mana shi, ga kuma sauran mutanen da suka sayi irin wannan buhun. Kafin la'asar mun kira su duka mun ce kada su shuka, mu za mu canza musu. Mutumin da ya zo da faɗa ya tafi yana sa mana albarka, har ya aiko wa Inna da rake. Shi kansa Yaya Maman Lawali ranar ya yi ta shafa gemu yana cewa ɗiyar Sha'ibu ba dama.

To, ana wata ga wata. Ka tuna dokar Baba tun gobarar da ta cinye shagonsa na farko: ba a kwana da wuta a shago. Duk wanda zai rufe ƙofa sai ya sauke makunnin kontar, wato mitar wuta, komai ya mutu, sannan ya sa kwaɗo. Kai ma kana nan aka yi gobarar, ka san Yaya Maman Lawali ne ya shiga hayaƙi ya jawo Baba, tabon yana nan a damtsensa har yau. Tun daga nan shi ke sauke makunnin da hannunsa, ko yana zazzaɓi sai ya zo. Shi kuwa wannan inji ba fanka ba ne. In an yanke masa wuta bagatatan yana tsakiyar rubutu, abin da ke cikinsa yana iya dagulewa. Da dare ne kuma yake ajiye kwafin aikin yini, yake karanta sababbin takardu domin a iya nemo su. Ga Zakari, masu zogale tun da asuba suke kawo masa ganye kafin rana ta taɓa shi, mu kuwa sai hantsi muke buɗe shago. Sai ya buɗe waya ya tarar da gidan a rufe, ya koma rubutu a bayan kwalin siga, rabi ya ɓata.

Wallahi yarinyar nan ta bi duk hanyar da ɗiyar kirki za ta bi. Ta durƙusa ta yi masa bayani, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta sa wa injin batir mai riƙe shi in an ɗauke wuta, batirin ya yi ta kuka ƙi-ƙi-ƙi bayan an sauke makunni, shi kuwa ya koma ya zare shi ma, wai abin da ke kuka cikin duhu ba lafiya ba. Ta kawo mai gyaran wuta ya ja wa injin layinsa daban, sabuwar waya, nesa da buhunan taki da maganin feshi, ya ce Baba bai ce ban da sabuwar waya ba. Ta ce to a sa fano na hasken rana, ya ce wuta wuta ce, ko ta rana ko ta kamfani. Na ce a kai injin gidana, ya ce takardun Baba ba za su kwana gidan surukai ba. Na ce to a kai nasa gidan, ya ce kayan shago a shago suke zama. Yaya, gaba kura baya sayaki. Har sau biyu sashen faktir yana dagulewa, Mansura ta tayar da kwafi ta gyara, amma na ga ɓacin rai a idonta.

Ni dai bakina ba ya shiru, ka san ni. Na same shi na ce masa wanda maciji ya sara in ya ga igiya sai ya gudu, na yarda, amma ba a hana mutanen gida ɗebo ruwa a rijiya domin guga tana da igiya. Na faɗa masa wani kamfani a Yamai ya daɗe yana kiran Mansura da albashi mai kyau, tana ƙi domin tana son ta raya abin kakanta, kuma in ya ci gaba da kashe mata aiki kowace magariba, to shi zai sa ta a mota da hannunsa. Sai a nan ya ce mini abin da ban taɓa sani ba, wai a gidan likita, kwana kaɗan kafin Baba ya cika, ya riƙe masa hannu ya ce ya yi masa alkawari ba za a bar wuta ita kaɗai a shagon nan ba. Ya ce shi bai iya saɓa wa mamaci ba, amma zai duba. Na koma gida da murna, na ce wa Mansura an gama, Babanki Maman Lawali ya sauko.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wuta ta kwana, Zakari ya kira da safe yana dariya, komai ya tafi daidai, har kusan mako guda. Sai ga Tahira, matar Yaya Maman Lawali, ta zo gidana ko sallama ba ta gama ba ta fara kuka, wai me suka yi mana. Ashe tunda alkawarin ya ce kada a bar wuta ita kaɗai, shi sai ya ƙi barinta ita kaɗai. Bayan isha'i yake ɗaukar tabarma da buta da bokitin yashi ya koma shago, ya shimfiɗa a ƙasan biro kusa da injin, cikin warin taki da sauro, sai asuba ya fito. Mutum mai hawan jini, mai jikoki, Yaya! Duk Sabon Gari an sani, mu kaɗai ne ba mu sani ba. Masu shayi na bakin titi har suna cewa ɗiyar boko ta tashi babanta daga gadonsa ta mai da shi mai gadi. Na je na same shi na ce wannan wane irin abu ne, ya ce ai ya ba mu abin da muke so, kuma bai saɓa wa Baba ba, me kuma ya rage. Ka ji fa. Ban san ko in yi kuka ba ko in fasa wani abu.

Mansura da ta ji, sassafe ta tafi shagon ta gan shi da idonta yana naɗe tabarma, fuskarsa duk cizon sauro, yana dafa bango kafin ya miƙe. Ba ta yi masa gardama ba. Da magariba ta yi, ita da kanta ta kashe injin a hankali yadda ake kashe shi, ta sauke makunnin, ta miƙa masa makulli ta ce ya je gida ya kwanta. A hanya ta ce mini ita ba za ta zama dalilin da babanta zai kwana a ƙasa ba, kuma ba za ta iya zama tana kallon abin da ta gina yana mutuwa kullum ba, don haka ta amsa wa mutanen Yamai. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ta ba ni lokaci. Ta ce Gwaggo ki yafe mini, in na zauna ɗayanmu zai cutu, gara ni in matsa. Ranar Asabar motarta za ta tashi. In ta tafi babu mai iya kula da injin nan, za mu koma kwalaye da atishawa, amma wallahi ba wannan ne ke hana ni cin abinci ba. Ni na yi mata kitson farko, ni na kai ta lakwal ta fara karatu, ban haifi kowa ba sai ita da ka ba ni.

Abin da nake roƙonka ke nan. Kai ne babba, kai ne makwafin Baba, kuma duk duniya maganarka kaɗai Yaya Maman Lawali ba ya mayarwa. Ban ce ka yi masa faɗa ba, don ba mugunta ce ke sa shi ba, tsoro ne da biyayya, ni ma na sani ko da ina jin haushinsa. Ka kira shi, ba a kasuwa ba, ka samu wuri ka zauna. Ka faɗa masa Baba gobara ya gudar mana, ba ɗaure ɗansa ya yi a ƙasan biro ba. In sai an ɗauki mai gadi na gaskiya ya kwana a ƙofa, a ɗauka, na kawo wannan ma ya ce amanar da aka ba shi ba ya ba bare, amma in daga bakinka ta fito wataƙila ya karɓa. In sai malami ya ce masa alkawarin ya sauka, ka sa a kai shi wurin malami. Ka ce masa ka ɗauke masa nauyin, in akwai laifi yana wuyanka. Zumunta a ƙafa take, na sani, kai kuma ƙafarka ta yi nisa, to ka yi ta da murya. Kada ka ce mini a yi haƙuri, Yaya, haƙurin ne ya kawo mu nan.

Ka gaishe mini da Rabi da kyau, ka ce mata yajin da ta ce in aiko yana hanya. Ka shafa mini kan Nabil da Malika, Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani. Inna tana gaishe ku, ba mu faɗa mata komai ba tukuna saboda jininta. Zakari da mai jego suna gaisuwa, Tahira ma ta ce in gaishe ka in ba ka labarin mijinta. Mansura ba ta ba ni saƙon gaisuwa ba, domin ba ta san ina rubuto maka ba. Tana ɗaki tana ninke kayanta, ta tambaye ni ko zan ara mata babban akwatina, na ce mata ban san inda makullinsa yake ba. Na sani sarai, yana ɗaure a bakin zanena. Ka kira shi kafin Asabar.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Balkisu