Baba a Kan Dutsen Sabe

Zango, Kwatano, 6 ga Janairu 1979

Ƙanwata Zaituna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Housseina. Ina fatan tarinta ya lafa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba ta hagu da ke damunsa in ya daɗe zaune.

Sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, na ci. Gwamnati ta tura ni koyarwa Kandi, can arewa. Abin da ya dame ni shi ne Baba bai ce komai ba. Kin san shi da ni. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, in na shigo zaure sai ya tuna yana da aiki a gareji. Ke da kike zama kusa da shi kina cinye masa goro ba za ki gane ba. Na roƙi Kawu Tanko ya gaya masa. Kawu ya ce ya saurara har ƙarshe, sannan ya shiga zancen tayoyin mota.

Ban sani ba ko yarda ce ko ƙi, kuma ba zan tafi ba sai da albarkarsa. An ce akwai gurbin akawu a wani kanti a unguwar Ganhi, amma kin san zamanin, wanda ya ƙi zuwa inda aka tura shi ba ya kwana lafiya da 'yan komite masu sa wa gwamnati ido a unguwa. Inna ta ce in bar ramewa a kan abin da ba a faɗa ba.

Jibi dukanmu za mu Sabe a jirgin ƙasa, bikin sunan jaririn da aka haifa wa Garba ɗan Kawu. Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Karimou

Zango, Kwatano, 13 ga Janairu 1979

Ƙanwata Zaituna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, mun dawo lafiya. An sa wa jaririn Boureima. Inna na gaishe ki.

Ranar suna, bayan la'asar, matasan gidan suka ce za su hau dutsen da ke bayan gari. Sai Baba ya miƙe ya ce shi ma za shi. Ya ce tun yana yaron mota yake wuce duwatsun nan da kaya, bai taɓa ganin yadda hanya take daga sama ba. Inna ta ce mutumin da ko matakalar masallaci sai ya huta. Ya ce ita da ta tsufa sai ta zauna ta tsare masa tuwo. Na bi su don gwiwar nan.

Mu mutanen Kwatano yashi muka sani. Baba ya tafi da babbar riga da takalmin fata na zuwa suna, ni da silifa. Dutsen kuwa sumul yake, ba wurin kamawa sai ciyawa a cikin tsaga. Matasan suka yi gaba, aka bar mu mu biyu, shi a gaba, ni a baya kamar yadda aka saba. Ba mu kai ƙololuwa ba, kada wani ya gaya miki mun kai. Mun tsaya a wani fili da ya ɗan wuce rabi.

Daga nan ana ganin layin dogo da hanyar arewa. Baba ya zauna, ya juya mini baya, ya fara magana yana duban hanya, kamar da ita yake. Ya ce mutum in ya sauka a Paraku, kada ya shiga motar da ta fara cika, ya nemi ta direba Badarou, shi ba ya gudu. Ya ce ruwan hanya ba duka ake sha ba. Ya ce a Kandi akwai Alhaji Ɗahiru mai gyaran mota, mutum ya ce masa daga gidan Mansir direba yake, zai ba shi ɗaki. Ya ce mutum mai yawan tunani ya riƙa cin abinci ko ba ya jin yunwa. Zaituna, sai da ya kai nan na gane ni ne mutumin. Na ce to, shi ma ya ce wa hanya to.

Saukowa ce ta fi wuya. Takalminsa ya zame, ya zauna daɓas, ya cire su ya riƙe a hannu. Gwiwar ta ƙi ɗaukarsa, rana kuma ta yi ƙasa. Na ga ba dabara sai in wuce gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na wuce na tsaya ƙasa da shi, na ba shi baya. Na daɗe a haka ina jin numfashinsa. Can sai na ji hannunsa a kafaɗata ta dama. Yana da nauyi. Haka muka sauko, in na taka ya taka.

Da muka iso ƙasa na yi zaton zai ɗauke. Bai ɗauke ba. Muka ratsa gonar rogo, inda ba tudu ba gangare, hannun na nan. Sai da muka hango su Inna a ƙofar gida ya janye, ya sa takalmi, ya wuce gaba yana faɗan wai matasan yanzu ba su da ƙarfi.

Zan tafi Kandi ƙarshen wata. Ki rubuto mini can, ta hannun Alhaji Ɗahiru. Kada ki tayar wa Baba da zancen nan in kin zo, zai ce gwiwa ce kawai.

Ki gai da maigidanki, ki shafa mini kan Housseina.

Yayanki mai ƙaunarki,
Karimou