Barci Yake ko Tunani?

Daga Babban Malamin haikalin Tao na kan dutse, mai gemu har cibiya, zuwa ga Guilan, yayar ƙaninta, ɗalibinmu Shuanzhu.

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon gwiwa? Yaya maigida da yara? Ƙaninki lafiya lau yake. Sanyi ya ɗan farfasa masa yatsu, kunun geron ma tsararo ne, amma duk ba komai. Ki aiko masa da safar ulu.

Sai dai yaron nan zargina yake yi. Na ce masa mu nan ba ma bin hikima da gudu, zama muke yi shiru ta same mu. Ya ce, "Malam, ai a ƙauyenmu barci ake kiran wannan." Ya zuba mini barkono a shayi, na shanye ban ce uffan ba. Yanzu tsoro yake kada shirun nan shiri ne, in kore shi da hunturu ya dawo ya zame muku nauyi.

Shi ya sa kullum da safe yake zama gabana, ko motsi ba ya yi, yana jiran ya kama ni ina minshari. Jiya na buɗe ido ɗaya na ce, "Ɗan nema, duk haikalin nan ba wanda ya kai ka iya zama. Ci gaba."

Yaya, ni ne fa, Shuanzhu! Malam bai san da wasiƙar nan ba. Ki gaya mini gaskiya, yabona ya yi, ko tun farko ni aka ɗana wa tarko?