Sunan da na rubuta maka a lasin

Zuwa ga Wanso, mai tsaron gidan ƙungiyarmu ta ƙwallo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, a duk inda kake. Ni ne Sale, wanda kake kira Sakatare. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko wani daga ƙasarku ta Tupuri zai gani ya karanta maka.

Ka san ni, ba mai roƙon afuwa ba ne. Shekara uku na yi a kolej na fito, da fatu na fara, yau motocina ke ɗauko shanu daga Ngawundere. Ba wanda ya ɗaga ni. Amma watan jiya wata malama daga jami'a ta zo gidana da rakoda, ta tafi ta bar ni da abin da ya fi ƙarfina.

Bincike take yi a kan ƙwallo da zaman jama'a a Garwa, zamanin shugaban ƙasa na farko: wa ke wasa da wa, wace unguwa ke karɓar wace ƙabila. Ta samo tsofaffin lasin na 'yan wasa, ta baje su a kan tabarmata. Sai ga ka, dogo, da kunnuwan nan naka. A ƙarƙashin hoton an rubuta Usmanu Garba. Rubutuna ne.

Ta tambaye ni ko gaskiya ne ƙungiyarmu ta mahauta ba ta taɓa sa wanda ba Musulmi ba, don abin da takardun suka nuna ke nan. Na gyara zama na ce haka ne, alhali na san kai ba Musulmi ba ne. Ta rubuta. Sau biyu ke nan na yi maka, Wanso.

Ka tuna kana dakon nama a kwata, ranar da mai tsaron gidanmu bai zo ba muka tura ka raga don tsawonka. Ba abin da ya wuce ka. Sarkin Pawa, da ke saya mana riguna, ya ce a yi maka lasin. A lokacin kowa ya san irin sunan da ke wucewa a ofis ba a ɗaga kai an dubi mai shi ba. Ni kaɗai ke rubuta Faransanci a cikinmu. Ba wanda ya ce in canza maka suna. Ni na yi, ban tambaye ka ba, har ina taƙama na yi maka gata.

A fili ka ji. Alƙalin wasa na kiran lasin, ya ce Usmanu har sau uku, kai kana waige-waige, sai na zungure ka. Muka yi dariya. Kai ma ka yi, na ɗauka ke nan.

Sai wasan ƙarshe na cin kofi da ƙungiyar ma'aikatan gwamnati. Babanka ya yi kwana biyu a bayan motar auduga don ya gan ka. Ka kama fenariti, muka ci kofi, fili duka ya ɗauka Usmanu, Usmanu. Prefe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya riƙe hannunka, lasifika ta maimaita. Tsohon ya tambayi na kusa da shi da Fulatanci wane ne Usmanu, aka nuna masa ɗansa. A ganinsa ka yar da sunan da ya sa maka, ka yar da gidanku. Ya juya, ko naman da na ware masa bai taɓa ba.

Washegari ka zo rumfata. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Sakatare, hannuwan nawa ne. Sunan na wane ne?"

Na ce ka bari a gama kakar wasa, in aka taɓa lasin yanzu za a iya ƙwace kofin. Kofin kuwa a rumfata yake, masu saye suna kallo. Aka gama kaka ban gyara ba. Wata safiya na tarar da rigarka a ninke a kan tebur, aka ce ka bi motar Maruwa.

Jiya na kira malamar ta dawo. Na gaya mata takardun ƙarya suke yi, kuma ni na sa su. Ta soke Usmanu, ta rubuta Wanso. Sannan ta tambaye ni sunan babanka. Shekara huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya, ban taɓa tambaya ba. Garban da na sa maka ma, sunan nawa uban ne.

Ta bar gurbi bayan sunanka. Ta ce za ta jira kafin a kai aikin ɗab'i, amma ba za ta daɗe ba. Ko ba za ka yafe mini ba, ɗan'uwana, ka aiko da sunan tsohon. Ko ɗanka ya aiko.

Allah ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya. Allah ya yi wa zuriyarka albarka, ya ba ni ikon mayar maka da abin da na ɗauke tun muna duniya.

Naka,
Alhaji Sale, Sakatare,
Garwa.