Farfelar da Surukina Ya Sassaƙa

Kawu, don Allah ka agaza mini kafin Asabar, kaina ya ƙulle.

Ni ɗan tireda ne, amma abin da ke raina tun ina yaro shi ne jirgin sama. Bana na haɗa ɗan ƙarami na rimot a kan teburin falo, matata tana ta mitar gam ya ɓata mata leda. Ranar gwajin farko ya ci da hanci, farfelarsa ta roba ta karye.

To, mahaifin matata yana zaune tare da mu. Baba mai gyaran fanka ne, ya rufe shago tun da hannunsa ya fara rawa. Daga lokacin ya zama kamar baƙo a gidan, daga ɗaki sai baranda, gaisuwa ma da ƙyar. Wallahi da ya ga karyayyar farfelar nan sai ya miƙe. Ya sa aka fito da akwatin kayan aikinsa, ya wuni yana kankare katako, har da ɗan fito. Ya sassaƙa mini sabuwa mai fuka-fuki uku, faffaɗa, sak ta fankar tebur. A ganinsa tawa ta yi tsiririya, shi ya sa jirgin ya faɗi, wai babba ce ke ba da iska.

Kawu, takardar injin ta ce a sa masa farfela mai lamba tara sau shida, tasa kuwa ta kusa ninka ta roba nauyi. Ina tsoron injin ya ƙone, ko katakon ya fille ya ji wa wani. Amma ta yaya zan dubi surukina in ce aikinsa bai yi ba? Matata ta ce in na mayar mata da uba baranda, ni da ita ne. Shi kuma har ya sa an goge masa riga saboda zuwa filin da zan sake gwada jirgin ranar Asabar. In sayi ta roba a ɓoye in musanya? Ai zai gane, idonsa garau.

Surukin mai gyaran fanka

AMSA

Ɗana, ka yi gaskiya a kan farfela, matarka ta yi gaskiya a kan ubanta.

Lambar farko tsawon farfela ce a inci, ta biyu kuma yadda take cizon iska a kowane juyi. Ka ƙara tsawo, ko faɗi, ko fiffike na uku, ka ɗora wa ɗan injin kayan da ya fi ƙarfinsa. Zai zuƙe batir, ya yi zafi, koyil, wato wayar da ke naɗe a cikinsa, ya ƙone. Fanka tana juyawa a hankali, wannan kuwa gudun tsiya yake yi. Saboda haka kada ka tashi jirgin da farfelar Baba, ko da wasa. Sayi tara sau shida, guda biyu ma, tunda na ga kai da ƙasa kuna shiri.

Amma ban yarda da musanya a ɓoye ba. Rashin kunya ce da ta sha turare. Kuma kada ka rataye tasa a bango wai ado, dattijo ya san lallashi in ya gan shi.

Ga abin yi. Tun kafin Asabar, ɗaure jirgin da kyau a tsakar gida, ku tsaya bayansa, kowa ya kauce daga gefe. Sa ta roba, ba ta wuta kaɗan na ɗan lokaci, cire batir, ka roƙi Baba ya taɓa maka injin. Sannan ku yi haka da tasa, wuta ƙasa-ƙasa. Kai dai kame bakinka. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana taɓa koyil ba sai an gaya masa inji ya wahala ba.

Daga nan miƙa masa ta robar ya daidaita maka nauyinta. Sau da yawa sukan zo ɓari ɗaya ya fi nauyi, jirgi ya yi ta karkarwa, kuma wannan aikinsa ne na gaske, ya fi ka iyawa nesa ba kusa ba. Ba katakon ne ya tashe shi daga baranda ba, buƙatarsa da aka yi ce. To ka ci gaba da buƙatarsa.

Allah ya sa a tashi lafiya a sauka lafiya. Ranar Asabar ka bar shi ya ɗaura farfelar robar da kansa, ko da hannun na rawa. Ka jira shi.

Kawu