Frane Yana Tambayarka

Omiš, cikin watan Nuwamba

Yaya Lovre,

Gaisuwa mai tarin yawa zuwa gare ka da Yaya Perka da yara da jikoki baki ɗaya. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya sa gwiwar nan da aka yi maka aiki ta daina damunka, ya kuma ba Yaya Perka haƙurin jinyarka, don na san halinka in kana kwance. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Na ce mu ne don sabo, amma ka san ni da kyanwar matata marigayiya Tonka ne kawai a gidan. An gama tsinkar zaitun, bana bai yi yawa ba, amma man ya yi kyau, na ajiye muku naku ko da wani zai zo wajenku. Gwaggo Luce tana nan da sauran ƙarfinta, kullum tana faɗa da likita. Baƙin da suka cika mana gari da rani duk sun watse, shagunan bakin ruwa sun rufe, iska kuma ta fara saukowa daga duwatsu tana kaɗa kujerun da aka manta a waje. In na fita sayen burodi da safe, har ƙarar takalmina nake ji.

Za ka yi mamakin ganin takarda, tunda muna waya. To, a waya in na fara magana sai jikoki su zo su ƙwace, ko ka tambaye ni ƙwallo, sai mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. Maganar amininka Frane ce, kuma ba ta gajeruwa.

Ƙungiyarmu ta masu kwaikwayon 'yan fashin teku na da tana nan, kuma har yanzu duk watan Agusta muna yin yaƙin nan a bakin tashar jiragen ruwa. Tun da ka koma birnin Perth, can ƙasar waje, na gaji rigarka ta kwamandan jirgin mutanen Venis, abokan gaban 'yan fashin, Frane kuma yana nan a matsayinsa na shugaban 'yan fashi. Wato duk shekara shi zai hau jirgina, mu yi ta sara da takubba, ya soke ni, in faɗa ruwa, jama'a su tafa. Saboda haka ma ya daina kirana da sunana, sai dai Marigayi. Ko a kasuwar kifi ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce Marigayi ya fito, wa ya tone shi, mata su yi ta dariya. Ni kuma in ce masa ɓarawon da ba ya iya sata sai ya sa tabarau ai ya kamata ya yi ritaya.

Yanzu matasa ne ke riƙe da ƙungiyar. Shugabanmu wani malamin makaranta ne, Zlatko, ba ka san shi ba, jikan mai gidan burodin nan na bayan coci. Mutumin kirki ne, sai dai littafi ya yi masa yawa. Da zuwansa ya hana maɓallin roba, ya hana zif, ya ce bel ɗin da ka bar mini bai dace da zamanin ba. Sun buɗe mana zaure a waya, kullum sai an kwana ana gardama a ciki, wannan ya ce hular can ta Ingilishi ce, wancan ya turo hoton takalmin da ya ɗinka da hannu, wata ta ce ta gano yadda ake rina zane da ɓawon itace irin na da. Frane bai taɓa rubuta komai a ciki ba. Ya ce da Zlatko, ɗan littafi, su kakanninmu abin da suka sato shi suke sawa, ba su tambayi ko ya dace da zamani ba. Zlatko ya yi dariya ya ƙyale shi da tabaraunsa da ɗan kunnensa.

Da bazara ne na fara lura. Wata Laraba na tarar da shi a ƙofar rumfar da muke ajiye kwale-kwale, ya sha cikakkiyar shiga, da hula da takobi, yana fushi wai kowa ya makara. Na ce masa ai sai Lahadi ake atisaye. Sai ya ce gwada ni yake yi. Muka je muka sha kofi, ban ɗauki abin da nauyi ba. Amma da muka fara atisaye sosai, sai ya zamana faɗan da ya fi shekara talatin yana yi, wanda ku biyu kuka tsara da kanku a bayan gidan Baba da sandunan tsintsiya, yana ɓace masa a tsakiya. Sai ya tsaya, ko ya kawo sara ta inda ban zata ba. Sau ɗaya ya same ni a kafaɗa, ta yi kwanaki tana tsami. Takubban ba su da kaifi, amma ka san ƙarfe ƙarfe ne.

Zlatko ya ja ni gefe ya ce yana jin nauyin Kawu Frane, ba zai iya gaya masa ba, amma bana bai kamata ya riƙe takobi a kan jirgi ba, ga hayaƙi, ga ƙarar bindiga, ga katako mai santsi. Ya roƙe ni in yi masa magana tunda ni ne nasa. Na je gidan Frane da wannan niyya. Na same shi a tsakar gida yana goge takobin da tsumma da man zaitun, ya gasa ƙananan kifi, ya zuba mini ruwan inabi, ya yi ta ba ni labarin shekarar da wandonka ya yage a gaban magajin gari. Bai manta ko ɗaya daga cikin wannan ba, har launin wandon. Na ci kifi, na yi dariya, na tashi ban gaya masa abin da ya kawo ni ba. Daga nan na wuce wajen 'yarsa Vinka, wadda ta zo hutu daga babban birni Zagreb. Ashe ita ta riga ta kai shi asibiti, an gaya mata ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi ba baya ba. Ta yi kuka, sannan ta ce in dai zan iya kula da shi a kan jirgin, a bar shi ya yi na bana, don ba ta jin akwai na baɗi. Na koma na ce da Zlatko na ɗauki nauyi, duk abin da ya faru a kaina ne. Bai so ba, amma ya yarda.

Ranar wasan gari ya cika maƙil, har kan gada mutane. Da farko komai ya tafi daidai. Kwale-kwalensu suka fito daga bakin kogi, aka harba bindigogi, hayaƙi ya turnuƙe, Frane na tsaye a gaba yana zagin mutanen Venis da muryar nan tasa da ake ji har ƙetaren ruwa. Ya kama igiya ya hau jirginmu kamar saurayi, raina ya yi fari. Na zare takobi na nufe shi kamar yadda aka saba. Sai kawai na ga ya tsaya, hannunsa ya sauka, yana kallon jama'a, yana kallon fitilu. Na matsa kusa, ya dube ni ya ce a hankali, "Lovre, ina ne nan? Me mutanen nan suke jira?"

Yaya, ya ɗauka kai ne a gabansa. Na ce masa, "Kai suke jira, tsohon ɓarawo. Ɗaga hannunka." Na bugi takobinsa da nawa a hankali, na sake bugawa, sai hannun ya tuna abin da kan ya manta, ya tare, ya kawo sara biyu ko uku masu kyau. Ban jira ya sake ɓacewa ba. Na shige cikin takobin da kaina, na maƙale shi a hammata, na yi ihun da aka saba, na faɗa ruwa. Ina jin tafi tun ina ƙasa. Da na ɗago kai sai na gan shi ya jefar da takobin, ya kama bakin jirgi yana kiran a ciro ni, a jefo igiya, wai ban iya iyo sosai ba. Kai yake nufi, don ka san ni kifi ne, kai ne kullum ake ajiye wa kwale-kwale kusa. Jama'a suka ɗauka sabon abu ne muka ƙara a wasan, suka fashe da dariya, suka ƙara tafi. Yaran jirginmu ne suka riƙe shi har na hau. Ya rungume ni da jiƙaƙƙun kayana, yana cewa bai yi da gangan ba.

A watan Satumba Vinka ta tafi da shi Zagreb, ta rufe gidan. Itacen ɓauren nan nasa ya yi ta zubar da 'ya'ya a titi babu mai ɗauka. Ƙungiya kuwa tana ta harkokinta. A zauren waya yanzu gardamar da ake yi ita ce ko a sake ɗinka ƙyallen tare iska na babban jirgi ko a yi masa faci, kuma wani ya samo maƙerin da zai yi mana sababbin ƙugiyoyi. Ina karantawa, wani lokaci in fara rubutu in goge. Zlatko ya ce in karɓi matsayin shugaban 'yan fashi baɗi, wai ni na fi cancanta, ban ba shi amsa ba tukuna. Ran Lahadi nakan je rumfa in kankare filafilan tuƙi, in shafa wa kwale-kwale kwalta, galibi ni kaɗai, don matasan sun fi son haɗuwa a waya in sanyi ya shigo. In sun zo suna girmama ni ƙwarai, Kawu Dinko kaza, Kawu Dinko kaza, su jawo mini kujera, su hana ni ɗaukar abu mai nauyi. Babu mai zagina ko sau ɗaya. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar zagi ba sai yanzu.

Makon jiya na hau bas na je duba shi. Gidan Vinka a can saman bene yake, ta taga ba a ganin komai sai wasu benayen. Ya rame kaɗan, amma tsaf yake, an yi masa aski. Yana ganina ya miƙe ya buɗe hannu ya ce Lovre, sai yau. Vinka ta buɗe baki za ta gyara masa, na yi mata alama ta bari. Na amsa sunanka, Yaya, na zauna a matsayinka yini guda. Ya tambayi Perka, ya ce har yanzu tana hana ka shan taba, na ce har yanzu. Ya ce faɗan nan namu yana son a gyara ƙarshensa, faɗuwarka ba ta da kyau, kana faɗuwa kamar buhun dankali. Muka yi ta dariya, har Vinka ta ce rabon da ta ji dariyarsa haka tun suna gida.

Da na tashi tafiya ya rako ni bakin ƙofa, ya riƙe mini hannun riga, ya rage murya kamar mai gaya mini sirri. Ya ce, "Ina ƙanen nan naka, Dinko? Yaron kirki ne, amma shiru ya yi masa yawa. Ka riƙa zuwa da shi atisaye, kada ka bar shi a gida shi kaɗai." Na ce masa to, zan riƙa zuwa da shi. Na sauko, na zauna a wani benci a gindin benen na daɗe kafin na nufi tasha.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Vinka ta ce kusan kullum sai ya tambaye ka, kuma kwanakin da yake gane mutane suna raguwa. Ni zan iya aron sunanka, amma muryarka ba ni da ita, kuma akwai abubuwan da ku biyu kaɗai kuka sani, in ya ɗauko su sai dai in gyaɗa kai. Ka kira shi, don Allah, kada ka ce sai gwiwa ta warke ko sai bayan Kirsimeti. Ta ce da safe ya fi natsuwa, wato da la'asar ɗinku, lambarta na wajen Yaya Perka. In ya yi magana kamar kana nan cikin gari, kada ka gyara masa, kada ka kawo zancen Perth. Ka bar shi ya zage ka, kai ma ka rama da kyau, abin da yake so ke nan. In ya tambayi Dinko, ka ce yana lafiya, yana zuwa atisaye. In kun gama kuma, kafin ka ajiye wayar, ka kira ni ni ma. Ba sai kana da wani labari ba.

Ka gaishe mini da Yaya Perka da kyau, ka ce mata na gode da safar da ta aiko, ita nake sawa a rumfa. Ka gaishe da Mirta da mijinta, da Duje da iyalinsa, da ƙaramar Nika da ban taɓa ɗauka a hannuna ba. Gwaggo Luce tana gaishe ku, Vinka ma ta ce a miƙa gaisuwarta. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya sa muna da rabon sake zama a teburi ɗaya.

Naka har kullum,
ƙaninka Dinko