Makomar Jirgin Kangon Unguwar Rogo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Audi Na'Allah, baduku a Unguwar Rogo, ina wannan magana da cikakken hankalina, ƙafafu ne kawai sunka gaza. Ku saurara, ɗiyana Tukur da Yari da Dijatu.

Na ɗaya. Gida da rumfar kasuwa, malamai su raba yadda Allah ya hukunta. Kada a ta da uwarku Balaraba daga ɗakinta.

Na biyu, jirgin saman da ke kangon bayan gida. Kun tashi kun iske kaji na ƙwai cikinsa, to ga asalinsa. Zamanin yaƙin Hitila Turawa sunka kai mu filin jirgi na Kano, mu dukawa, saboda fukafukansa katako ne da zane mai kauri, sai da ɗinki. Kujera biyu gare shi, ta malami da ta ɗalibi. Bai taɓa ɗaukar bam ba, koyarwa ce aikinsa. Samari su hau, su sauko da shi da ƙarfi ya yage, mu ɗinke, gobe su koma. Da yaƙi ya ƙare anka sa shi neman inda fara ta sauka kafin ta cinye gero. Nan Sakkwato injinsa ya mutu, anka yi gwanjonsa, na saye ana yi mini dariya.

Na uku. Yari, kana son maƙera su sare shi, don arzikin mai ya sa 'yan kwangila na neman filin. Tukur, bisa kujerarsa ka fara son sama har ka zama sojan sama, ka rantse ba mai taɓa shi. Tun bara ba ku sa hannu akushi ɗaya ba, ina gani, yana ci mini rai. Kowanenku na da gaskiyarsa. Na sa jirgin cikin sulusin wasiyyata, sadaka ga makarantar koyon sana'a, shugabanta ya yarda. Fili ya shiga gado, in za a sayar kada Tukur ya hana.

Amma ba za ku kai jirgin a yage ba. Dijatu, ke kinka gaji allurata, ɗinke fukafukan. Tukur ya wanke injin yadda yara za su kwance su ɗaura. Yari ya ɗauka da babbar motarsa, ku tafi tare. Ba zai ƙara tashi ba, amma ƙasar nan za ta buƙaci masu gyaran jirage, ina fatan a samu jikokina cikinsu.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Tukur, kai ne babba, kai za ka fara zuwa gidan ƙanenka, kada ka jira in kwanta dama. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu jinƙanku.